Gangar da Ta Raba Malam Ubaidullahi da Ajinsa

Malam Ubaidullahi ɗan Auwalu ya karantar shekara goma sha huɗu a wata makarantar Islamiyya da ke Mabera, cikin birnin Sakkwato, kafin a sallame shi a daminar bara. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin 'ya'yana mata biyu suna cikinta har yanzu, kuma ba don in tozarta kowa na ɗauki alƙalami ba. Ina cikin kwamitin iyaye lokacin da abin ya faru, na kuma zauna a ɗakin da aka yanke hukuncin. Abin da ban gani da idona ba, daga bakinsa na ji shi.

Ni hatsi nake sayarwa tun ina saurayi, kuma sai da na kai shekara arba'in da shida kafin na san yadda ake haɗa baƙi da wasali. A hannun Malam Ubaidullahi na koya. Yana da ajin manya da yake buɗewa bayan sallar Asuba, kafin kasuwa ta ci, inda magidanta irina kan zauna a bencin da yara za su zauna da hantsi. Ya koya mana ajami, ya koya mana boko, kuma bai taɓa ɗaga murya ga mai furfura ba don ya juya harafi. Da wannan hannun da ya gyara nake rubuta labarinsa.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana in ba a cikin aji ba. Fanninsa shi ne gyaran karatun Alƙur'ani. Abin da ya bambanta shi da sauran malamai shi ne yadda yake koya wa yara tsawon jan da ake yi wa harafi. Ba ya ƙirga musu da baki. Yakan ɗora yatsunsa a kan benci ya riƙa bugawa a hankali, biyu, huɗu, shida, yaro yana ja yana bin bugun, har kunnensa ya riƙe. Ɗalibansa ba su cika gajarta ja ko wuce gona da iri ba, kuma su ake turawa musabaƙa kowace shekara. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya tambayi inda yatsun suka samo wannan daidaito.

An haife shi a wani ƙauye da ke kan hanyar Wurno. Mahaifinsa, wanda ake kira Makaɗa Auwalu, makaɗin noma ne, kamar yadda kakansa ya kasance. Ga wanda ya tashi a birni, ya kamata in yi bayani kaɗan. Idan manomi ya kira gayya, wato ya tara mutane su taya shi nome gonarsa a yini guda, makaɗi yakan rataya babbar ganga ya bi bayan masu noma daga wannan kai na gona zuwa wancan. Kowane manomi na kirki yana da takensa, wani salon bugu da ba a yi wa kowa sai shi. Da ya ji an sauya kiɗa zuwa nasa, sai ya duƙa ya wuce na kusa da shi. Ba a rubuta taken nan a ko'ina, a hannun makaɗi yake zaune, daga uba zuwa ɗa.

Ubaidullahi ya rataya ƙaramar ganga tun yana ɗan shekara bakwai. Yana da goma sha uku kawunsa, wani tela da ke Ƙofar Rini, ya ɗauko shi zuwa birni don ya yi karatu, mahaifin kuma bai hana ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya bi zaurukan malamai yana karanta littattafai, daga baya ya samu takardar shaidar koyarwa. Bai ɓoye asalinsa ba, amma bai yi shelarsa ba, domin a garin nan kowa ya san matsayin da ake ajiye ɗan makaɗi idan ya zo neman aure ko limanci. Iyayen maiɗakinsa Rahama sun sani, suka ba shi. A makaranta kuwa ba a tambaya ba.

Makarantar tana da takarda da kowane malami yake sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi. A ciki an rubuta cewa malami malami ne a cikin aji da wajensa, kuma duk wanda aka gani cikin abin da zai zubar da mutuncin makaranta, ko da a ranar hutunsa ne, za a iya sallamarsa. Ba takardar ado ba ce. Shekara uku kafin sallamar Malam an sallami wata malama saboda an ga hotonta tana rawa a bikin ƙanwarta, kuma ina cikin waɗanda suka sa hannu. Ban tambayi komai ba a ranar. Na yi farin ciki ne kawai da cewa sunana na rubuta, ban dangwala yatsa ba.

A ƙarshen ranin bara Makaɗa Auwalu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bakinsa ya dawo daidai bayan 'yan makonni, amma hannun dama bai dawo ba. Da ruwa ya zauna, gero ya kai lokacin noman biyu, sai amininsa Illo ya kira gayya kamar yadda ya saba. Illo dattijo ne da ya haura saba'in, noma ya yi masa suna tun yana saurayi, kuma fiye da shekara hamsin babu gayyarsa da aka yi ba tare da gangar Auwalu ba. Yanzu ba ya iya nome kunya biyu a jere, amma shi yake buɗe gona, kuma mutanen ƙauyen ba sa sa galma a ƙasa sai ya duƙa. Shi kuwa ba ya duƙawa sai ya ji takensa. Sauran makaɗan yankin sun mutu ko sun koma kiɗan biki, babu wanda ya riƙe taken daidai.

Tsohon ya aika aka kira ɗansa. Malam ya gaya mini cewa maganar ba ta yi tsawo ba.

"Ubaidu, gayyar Illo ranar Alhamis ta. Hannuna ya ƙiya. Kai kaɗai ka san takenai."

Malam ya ce rabonsa da ganga shekara talatin. Tsohon ya ce hannu ba ya mantuwa, kuma zai zauna ƙarƙashin gawo ya gyara masa in ya kauce. Daga nan ya nemi ya yi masa alkawari cewa muddin gidan Illo yana kiran gayya, shi kuma yana numfashi, ba za a rasa wanda zai rataya gangar gidansu ba. Malam ya yi alkawarin.

Alhamis da Juma'a ba a karatu a makarantar. Ya hau mota da sassafe, ya tuɓe babbar riga ya rataya ganga, ya yi kiɗa daga hantsi har aka kawo fura. Illo ya duƙa, gayya ta bi shi, aka gama gonar kafin La'asar. Babu mata a fili sai waɗanda suka kawo furar, babu rawa, babu waƙa sai kirarin da manoma ke yi wa kansu. Malam ya yi sallar La'asar a masallacin ƙauyen, ya dawo Sakkwato kafin Magariba.

Abin da bai sani ba shi ne, babban ɗan Illo ya ɗauki hoton bidiyo na kiɗan da wayarsa, kuma da yamma ya nuna wa Makaɗa Auwalu. Tsohon ya sa aka maimaita masa har sau biyar. A al'adar makaɗa, idan yaro ya yi abin kirki, ubangidansa ake fara kai wa labari, don ya san irin wanda yake riƙe da shi. A bangon ɗakin tsohon akwai kalandar makarantar, wadda Malam yakan kai masa kowace shekara, kuma a ƙasanta an buga lambar wayar shugaban makaranta. Sai ya ce a aika wa wannan lambar, a kuma gaya wa mai ita cewa yaron da yake karantar masa da yara ɗan albarka ne, ilimi bai sa ya raina gidan ubansa ba. Aka aika da hoton, aka aika da saƙon muryar tsohon a bayansa.

Shugaban makarantar, Malam Zulkifilu, matashi ne mai ilimi, mai tsare doka, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya nuna wa malamai biyu don neman shawara. Kafin Asabar hoton ya shiga zauren iyaye da ke waya, amma saƙon tsohon bai bi shi ba. Wani ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga malamin tajwidi a filin kiɗa. Ranar Lahadi yara suka fara buga benci da zarar ya juya baya, wani kuma ya rubuta Malam Mai Ganga a bangon banɗaki. Iyaye bakwai suka zo ofis suka ce ko dai a cire shi ko su cire 'ya'yansu. A lokacin yana da ɗalibai goma sha tara da ya ɗauko tun daga ƙananan surori, saura musu izu huɗu su sauke.

An kira zama ranar Talata bayan Azahar. Mu biyar ne: Malam Zulkifilu, da Alhaji Abdulwahabu, ɗan kasuwar yadi wanda ya gina makarantar, da mu uku daga cikin iyaye. Alhaji mutum ne mai son raha, kuma yana ƙaunar Malam Ubaidullahi. Da Malam ya shigo ya gaishe mu ya zauna, sai Alhaji ya ce:

"Malam, ashe haka kake da hannu ka ɓoye muna? Da na sani, bikin ɗiyata ba ni ɗauko makaɗa tun daga Gusau."

Mu uku muka yi dariya. Malam Zulkifilu bai yi ba, kuma da Alhaji ya lura da abin da bakinsa ya faɗa sai ya gyara zama ya shiga duba carbinsa.

Shugaban ya yi magana cikin ladabi, yana kiran Malam da Allah gafarta Malam, domin ya girme shi. Ya ce bai kira zaman don a yi jayayya kan hukuncin ganga ba, ya san malamai sun yi maganganu a kai, kuma ba a nan za a warware ba. Abin da ke gabansa shi ne aji. Yaro ba ya rarrabe gayya da gidan biki, abin da ya gani kawai shi ne malaminsa da ganga a wuya. Ya ce an sallami malama a kan abin da bai kai wannan yaɗuwa ba, in aka kau da kai yanzu za a ce don namiji ne. Duk da haka kwamiti ba ya son rasa shi. Ya miƙa masa takarda mai layi huɗu, wadda a cikinta Malam zai yi alkawari cewa ba zai sake taɓa ganga ba, a ko'ina, muddin yana aiki a makarantar. In ya sa hannu, za a karanta wa iyaye, magana ta ƙare.

Malam ya karanta ta sau biyu. Ya ce ya yarda a rubuta cewa ba zai yi kiɗa a birni ba, ko a biki, ko a suna, ko don a ba shi wani abu, domin bai taɓa yi ba. Ya nemi a bar masa yini ɗaya a shekara, a gona ɗaya, ya kuma bayyana alkawarin da ya yi wa mahaifinsa. Malam Zulkifilu ya ce ba zai iya tsayawa gaban iyaye ya karanta takardar da ta halatta ganga sau ɗaya a shekara ba. Aka yi ta juya magana har aka kira La'asar.

A wajen alwala Alhaji ya jawo shi gefe. Ina kusa, na ji.

"Malam, kai ma ka cika tsauri. Sa hannu ga takarda. In damana ta zo ka tahi ƙauyenku ka buga abinka, a hana masu waya matsowa. Wa za shi sani?"

"Alhaji, ni za ni sani. Kuma ranar Asabar ni ka shiga aji in karanta ma ɗiyanku babin cika alkawali."

Alhaji ya ce to ya koma ya roƙi tsohon ya warware masa. Malam ya ce in ya yi haka sai ya faɗi dalili, in ya faɗi dalili kuma tsohon zai gane cewa saƙon da ya aika da hannunsa ne ya jawo. Ya ce mutumin da ya rasa hannun dama a bana ba zai ɗora masa wannan ba.

Bayan salla aka kawo takardar sallama. Huɗu suka sa hannu. Ni na karanta ta daga sama har ƙasa, na mayar da biro ban rubuta komai ba. Ba zan ƙara wa kaina daraja a kan haka ba, domin ban buɗe baki na kare shi ba, kuma hannu huɗu sun isa. Malam ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya kai ɗalibansa goma sha tara ga sauka, ko da ba za a lissafa shi cikin ma'aikata ba. Aka ce iyayen nan bakwai ba za su yarda ba. Ya shiga aji ya ɗauko Alƙur'aninsa da buzun da yake salla a kai, ya rubuta wa wanda zai gaje shi inda kowane yaro ya tsaya da harafin da yake ba shi wahala, shafi uku cur, ya tari ɗan kabu-kabu mai babur ya tafi gida. An yi walimar saukar bayan wata uku. Ba a gayyace shi ba, amma huɗu daga cikin yaran sun je gidansa da allunansu washegari.

Ajin manya shi ma ya tashi daga makarantar. Muka bi shi zuwa zauren marigayi kawunsa a Ƙofar Rini, inda yake karantar da mu har yau bayan Asuba. Da hantsi yakan zauna kan keken ɗinkin da kawun ya bari, domin ya koyi ɗinki a hannunsa tun yana yaro. Da yamma wasu iyaye kan turo 'ya'yansu ya gyara musu karatu, kuma biyu daga cikinsu suna cikin bakwai ɗin da suka je ofis. Bai taɓa ambata musu ba. Ya cire babban ɗansa daga makarantar kuɗi ya mayar da shi ta gwamnati, kuma na san gidan ya ji canji a tukunya, ko da yake ba a bakinsa na ji ba.

Illo ya rasu a cikin azumin bana. Da labari ya iso, Alhaji Abdulwahabu ya kira ni shagonsa ya ce in je in gaya wa Malam cewa ƙofa a buɗe take. Wanda aka ɗauka a madadinsa bai riƙe ajin ba, kuma an je musabaƙa an dawo hannu wofi. Tunda mai gayya ya tafi, in ji Alhaji, yanzu zai iya sa hannu ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba, kuma Malam Zulkifilu ya amince. Na tafi da murna, domin a ganina magana ta warware kanta.

Na same shi yana ɗinka wuyan riga. Ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya ce in isar wa Alhaji da godiyarsa. Sa'an nan ya ce ni ɗan birni ne, shi ya sa ban gane ba. Take ba ya bin mai shi kabari, babban ɗa ne yake gadonsa tare da gona. Ɗan Illo ya riga ya je ya gaida Makaɗa Auwalu ya shaida masa cewa zai kira gayya in ruwa ya zauna, kuma alkawarin da aka yi a kan gidan Illo aka yi shi. Na ce masa to har yaushe ke nan. Ya ce muddin tsohon yana da rai, kuma yana roƙon Allah ya ja kwanansa. Na mayar wa Alhaji da amsa, ya girgiza kai ya ce shi ya gaji da mutanen da ba a iya taimako.

Da aka sa ranar gayyar ta bana na ce zan bi shi, domin ina sayar da gero shekara talatin ban taɓa ganin yadda ake nome shi da ganga ba. Mun isa da hantsi. An kawo Makaɗa Auwalu a kan amalanke aka zaunar da shi ƙarƙashin gawo, hannunsa na dama a kan cinya. Manoma kusan arba'in suka jeru a kan gona da galmunansu, babu wanda ya duƙa. Malam ya naɗe babbar rigarsa ya ba ni in riƙe, ya rataya gangar, ya fara da bugu mai sauƙi kamar mai gwada fata. Da ya juya zuwa taken, ɗan Illo ya ɗaga galma sama ya ambaci sunan ubansa, ya duƙa, sauran suka bi shi. Na gane bugun, shi ne wanda na sha ji a kan benci, sai dai a nan ana jin sa har ƙarshen gona.

Tsohon bai bar shi ya huta ba. Duk lokacin da Malam ya gifto kusa da gawon sai ya ce masa hannun hagu ya yi nauyi, ko kuma ya ce karatu ya sa shi gaggawa. Da aka kawo fura aka zauna, Malam ya gabatar da ni a matsayin ɗalibinsa kuma ɗan kwamitin makaranta. Tsohon ya kama hannuna da hagunsa ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi lafiyar shugaban makaranta, ya ce shekara guda ke nan yana jiran amsar saƙonsa, amma ya san manya ba su da lokaci. Daga nan ya juya ga ɗansa.

"Ubaidu, ubangidanka dai ya ga abin nan da munka aika mai?"

"Ya gani, Baba."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ba ka yi ƙarya ba, hannun gidanmu na."

Ban san ko Malam Zulkifilu ya taɓa faɗin haka ba, kuma ban tambaya ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce a bana ma a ɗauka a aika masa. Malam ya ce kalandar ta tsufa, lambar ta canza, zai kawo sabuwa in ya samu. Ya shanye furarsa, ya miƙe ya rataya gangar, domin saura rabin gona.